Mai Tuƙi Daga Baya

Kyaftin Naquin ya ce da ni, "Zauna,"
ya janye hannunsa daga sitiyari
kamar mai ajiye cokali bayan ya ƙoshi.
Ƙarfe uku na dare, bakin kogin Mississippi,
iskar gabas tana ta sharara mana mari.

Mu biyu ne, amma tafiyarmu ɗaya.
A gaba jirgin dako, doguwar tankar ƙarfe,
ba inji, ba farfela, ba ra'ayin kanta.
A baya mu, ɗan jirgin turi,
mun cusa hanci cikin tsagar ƙeyarta.
Sakata biyu, kowace ta fi gangar mai kauri,
sun fito daga haƙarƙarinmu, dama da hagu,
sun ciji haƙoran bangonta.
Daga nan ba saki.
Igiyar ruwa ta zo, mu sunkuya mu ɗago,
ita tana nata nishin dabam,
amma in ta karkata, tare muke karkata,
in ta juya, tare.

Ɗakin tuƙin sama, matakala saba'in da ɗaya,
gwiwata ta haddace su tun watan Maris.
Daga can goshinta ɗigon fitila ne kawai,
nesa kamar ƙarshen layinmu a Dulac
inda babana ke shanya ragar jatan lande.
Kwalekwalensa, kina taɓa shi ya amsa.
Wannan kuwa sai ta yi shawara.

Mun sauke mai a Tampa, cikinta fayau,
ta taso sama, iska ta sami bangon jingina.
Na ga koriyar fitilar hagu tana matsowa
fiye da yadda aka gayyace ta.
Na karya sitiyari dama. Shiru.
Na ƙara. Shiru.
Na kai hannu zan ƙara,
"Ya isa," in ji shi, ko kofinsa bai ajiye ba.
"Ta ji ki. Ba kurma ba ce, nauyin jiki ne.
Abin da kika faɗa mata yanzu
sai an jima za ta maimaita miki,
kuma da ƙarfin da kika faɗa."

Ai kuwa.
Goshi ya fara zamewa dama,
sannu, sannu, sannan ba sannu ba,
mu kuma ƙeya ta kwashe mu hagu
wajen duwatsun shinge, baƙaƙe, jiƙaƙƙu.
Mai tuƙi daga baya
sai ya leƙa inda ba ya so
kafin gaba ta nufi inda yake so.

Yatsana ya nufi maɓallin farfelar goshi.
"Bar ta. A wannan gudun ba ta da murya,
sai mun je bakin kwata.
Tare juyin tun bai cika ba."
Na mayar da sitiyari hagu,
na sassauta injin hagu, na ba na dama wuta.
Waya ta yi ƙara, Delfina daga ɗakin inji:
"Wa ke koyon rawa da injinana?"
Ban amsa ba, yawuna ya ƙafe.

Sakatun suka yi gurnani can ƙasa,
a tafin ƙafa na ji shi, ba a kunne ba.
Ta yi jinkiri. Ta tsaya. Ta miƙe.
Fitilun jagora biyu da ke gabanmu,
ta sama da ta ƙasa,
suka hau kan juna suka zauna.

Da gari ya fara wayewa, daidai Pilottown,
ya rubuta wani abu a littafin jirgi, ya rufe.
"Jibi in an cika ta," ya ce,
"za ta nutse, mu zare sakata,
mu sake kama ta a wani haƙorin.
Kada ki ce kin san ta.
Wadda kika tuƙa daren nan
mai yunwa ce."